Hoton Da Babu Taurari

"Fita min daga shago."

Baba bai ɗaga murya ba, kuma abin da ya tsorata Auta ke nan. Shekara ashirin da shida tana gabansa, ta san in yana hargagi to da sauƙi, in kuwa ya yi magana ƙasa-ƙasa, abin ya kai inda ya kai.

Malamin kimiyya ya miƙe daga kujerar da ake zaunar da masu hoton fasfo, kofin shayi a hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri. Wallahi ba dariyar raini na yi ba..."

"Ni ba babanka ba ne. Babanka yana can duniyar wata yana kafa tuta."

Tela da Mai Agogo, abokan hirar Baba da ke zaune kan bencin bakin ƙofa, suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Hoton da ya jawo fitinar yana kan teburi. Mutum ne cikin fararen kaya masu kumburi, tsaye kusa da tuta, ƙasa fara fat, sama baƙi ƙirin. Auta ce ta buga shi da safe don Malam ya manna a ajinsa, ta kuma manta ba ta kawar da shi ba. A ce duk ranakun duniya sai yau, ranar da ya zo gaida mahaifinta karon farko bayan watanni takwas suna soyayya. Komai ya tafi daidai, har Baba ya sa an zuba masa shayi a kofinsa na kansa, sai idonsa ya faɗa kan hoton. Ya ɗauka, ya kai shi dab da hancinsa, ya ce, "Wannan ai a shago aka ɗauke shi, irin nawa." Malam ya zaci raha ce irin ta manya, ya yi dariya. Sau ɗaya tak ya yi ta, amma ta isa.

"Ina taurari?" Baba ya buga yatsa kan hoton. "Mutum ya je har sama, sama baƙi haka, amma ko tauraro ɗaya babu? Mai zanen labulen ne ya manta. Ita kuma tutar, kun ce babu iska a can, wa ke kaɗa ta?"

"Baba, akwai bayani..."

"Riƙe bayaninka. Ranar Asabar ka dawo nan, a gaban waɗannan da suka ji dariyarka, ka buɗe baki ka ce ƙarya ce, ba ɗan adam ɗin da ya taɓa taka duniyar wata. In ka faɗa, mu zauna maganar 'yata. In ba za ka faɗa ba, ka san hanyar da ka biyo."

Auta ta cire kyamarar da ke wuyanta, ta ajiye a hankali.

"Baba, aurena ne za a rataya a jikin tutar mutanen da ba su ma san muna duniya ba?"

"Da ke nake magana?"

"Da ni kake mana, tunda ni ce 'yar."

Ya yi mata kallon da ya saba sa ta yin shiru tun tana ƙarama. Yau ba ta sauke ido ba. Malam ya samu gefen teburi ya ajiye kofin, ya yi sallama da muryar da ba ta fita sosai, ya fice.

"Haka ne, Kawu," in ji wata murya daga bayan kwamfuta. "Ai wannan raini ne tsagwaronsa."

Kada wani ya ɗauka Baba jahili ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana tsayar da mutane gaban labule. Yana da na jirgin sama, yana da na bakin teku, yana da na wani dogon bene mai fitilu. Mutanen da ko babbar tasha ba su taɓa wucewa ba sun tsaya gaban jirgin nan da jaka a hannu, sun aika hoton gida, dangi sun yi ta murna ɗansu ya keta hazo. Baba ne ya gyara musu tsayuwa, shi ya ce su saki fuska. To mutumin da ya san yadda ake haɗa ƙarya da fitila biyu da yadi huɗu, ta ina za ka fara gaya masa hoto shaida ne? Abin alfaharinsa ɗaya a duniya idonsa. Ya kan ce ba a taɓa wanke hoton da zai yaudare shi ba.

Abin da Auta ta sani, ba ta kuma gaya wa kowa ba, shi ne idon nan ya fara tafiya. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta fara rufe shi. Ita ke saita kyamara kafin ya tsaya a bayanta, ta yi kamar tana goge ƙura, shi kuma ya danna ya karɓi yabo. Tana yin haka ne don tana son sa, ko da yake akwai ranakun da taurin kansa ke sa ta ji kamar ta haɗiye zuciya.

Mai muryar bayan kwamfuta kuwa ɗan Gwaggo ne, ƙanwar Baba. Kowa Gyara yake ce masa, don aikinsa ke nan: ya goge ƙuraje, ya haskaka haƙora, ya rage wa masu tumbi tumbi. Shekara huɗu yana shagon, kuma in ka cire "haka ne, Kawu" daga bakinsa, ba abin da zai rage sai gaisuwa. Ya daɗe yana kallon Auta, ya fi daɗewa yana kallon shagon.

Washegari da yamma, bayan an tashi daga makaranta, Auta ta sami Malam a ɗakin gwaji yana goge allo. Duk alli ya yi masa fari a hannu da gefen wando. Bai bari ta zauna ba.

"Na yanke shawara. Zan faɗa."

"Za ka faɗi me?"

"Abin da yake so. Kalma nawa ce duka? Ƙarya ce, ba a je ba. Shi ke nan, a wuce wurin."

Ta ja kujerar ɗalibai ta zauna, ta ɗora jaka kan cinya.

"Ka yarda ba a je ba?"

"Kin san ban yarda ba. An je, ba ma sau ɗaya ba, sau shida aka sauka."

"To ranar Litinin me za ka gaya wa ɗalibanka?"

"Gaskiya mana."

"Asabar ƙarya, Litinin gaskiya. Ni kuma wace rana aka ware min?"

Ya saki abin gogewar ya matso.

"Haba rabin raina... don ke fa zan yi."

"Kada ka kuskura ka yi don ni."

"Auta..."

"Tsaya in gama. Ni ma a kan maganar Baba na tashi, cewa ba a je ba, ka sani. Watanni takwas ina musu da kai. Na tsokane ka, na yi fushi, na yi kwana uku ban ɗauki wayarka ba, amma ko sau ɗaya ba ka ce min haka ne don ka faranta min ba. Abin da na so a wurinka ke nan, ba wannan wandon mai alli ba. Mai cewa haka ne ai muna da shi a shago, har ya yi mana yawa."

Ya so ya yi murmushi, fuskarta ta hana shi.

"In ka faɗa ranar Asabar," ta ce, "Baba zai ba ka ni, ni kuma zan ƙi ka."

"Da gaske kike?"

"Gwada ka gani."

Ya zauna kan teburi, ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Jiya ban runtsa ba. Ina tsoro, masoyiyata. In na rasa ki saboda abin da ya faru tun kafin a haife mu, ban san yadda zan yi da raina ba."

Nan zuciyarta ta karye, don ita ma tsoron take ji. Amma ba ta bari ya gani ba.

"Ka zo ka tsaya kan maganarka cikin ladabi. Sauran ka bar min."

"To bari in zana miki yadda za ki yi masa bayanin taurarin. Kin ga, da rana aka ɗauki hotunan, hasken ya bugi ƙasa da fararen kaya, sai..."

"Ajiye allin nan. Baba ba ya jin yaren allo, yaren kyamara yake ji. Ka ara min farar rigar can da ke rataye."

Ranar Alhamis, suna gama cin abincin rana a gida, sai ga Gwaggo da Gyara a bayanta. Tun rasuwar Umma, Gwaggo ke ganin duk wata magana ta gidan sai ta bi ta hannunta. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta zaro ambulan daga jaka.

"Yaya, duba min nan. Allah ne ya tona asiri. Wani abokin yaron nan ne ya gan su a lambun shaƙatawa ya ɗauko."

Baba ya kai hoton dab da hancinsa, ya juya shi ta nan, ya juya ta can.

"Wannan ba haɗi ba ne," ya ce. "Na duba."

"Haka ne, Kawu."

Ya miƙa wa Auta ba tare da ya kalle ta ba.

Malam ne, zaune kan benci a ƙarƙashin rana, da rigarsa mai ruwan toka. A kafaɗarsa wata kyakkyawa ce cikin koren mayafi, ta kwantar da kai tana dariya har haƙoranta a waje.

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta san rigar, ita ta zaɓar masa. Ta san yadda yake karkatar da kai in yana jin daɗi, ga shi nan ya karkatar.

"Kin ga irin ta ko?" Gwaggo ta gyara zama. "Wanda zai yi wa babanki dariya a shagonsa, ke me zai bar miki? Ga ɗan'uwanki nan mai hankali, mai biyayya, kin tsallake shi kin je kin kwaso mai labarin sama."

"Gwaggo, ko maza sun ƙare ba zan auri Yaya Gyara ba. Wannan maganar daban, waccan daban."

"Ji min fitsara. Yaya, kana jin ta?"

Auta ba ta tsaya jin sauran ba. Ta shige ɗaki da hoton, ta turo ƙofa, ta yi kukan da ba ta yi irinsa ba tun rasuwar Umma. Kishi ne zalla, ba ta kuma yi wa kanta ƙaryar cewa wani abu ne daban ba. Wayarta ta yi ta ruri, ta ga Malam ne, ta kife ta.

Sai da hawayen suka ƙare sannan idon sana'a ya dawo. Ta sake ɗaukar hoton, wannan karon ba fuskar Malam take kallo ba. Rana ta daki goshinsa har yana ƙyalli, ƙasan hancinsa ga inuwa mai kauri. Ita kuwa mai koren mayafin fuskarta sumul, haske ya zauna mata ko'ina daidai. Rana ba ta yi wa mutum irin wannan gata.

Washegari ta jira Gyara ya fita cin abinci, ta sa hoton a injin kwafi, ta buɗe shi a kwamfuta, ta yi ta ƙara girman idon matar har ƙwayar ta cika allo. Duk mai hoto ya san fitilar da aka haska mutum da ita tana zama a cikin idonsa. Wanda aka ɗauka a fili, sararin sama za ka gani. A idon wannan kuwa lema biyu ne farare, irin waɗanda ake kafa wa fitilun shago, ta hagun da faci a jikinta. Auta ta juya ta kalli kusurwar shagon. Lemar tana nan tsaye da facinta.

Bai ɗauke ta minti goma ba ta samo asalin hoton a cikin na masu zuwa ɗauka. Wata baiwar Allah ce da ta zo watan jiya da mahaifiyarta, ta kwantar da kai a kafaɗar tsohuwar tana dariya.

Daɗi ya kama ta, sai kuma ya gushe. Baba ya riga ya karɓi hoton ya nuna wa Tela da Mai Agogo tun safe, ya ce da bakinsa ya duba. In ta tona, ba Gyara kaɗai ta tona ba. Ta sami Baba shi kaɗai yana jera firam.

"Baba, don Allah zo ka sake duba hoton nan a kwamfuta."

"Na riga na duba."

"Sau ɗaya kawai, mu biyu, ba kowa..."

"Idona kike tuhuma?"

Ta ba shi ƙofar fita cikin rufin asiri, ya ƙi. Mutuncin Malam kuma ba nata ba ne balle ta yi kyauta da shi.

Asabar da hantsi shagon ya cika. Tela da Mai Agogo sun shigo da bencinsu ciki, Gwaggo ta kame kan kujerar fasfo, Gyara yana bayan kwamfuta ya sha guga. Malam ya yi sallama, idonsa ya faɗa, ya nemi idon Auta don kwana biyu ba ta ɗauki wayarsa ba.

Baba ya cilla masa hoton.

"Kafin maganar sama, ga ta ƙasa."

Malam ya duba, ya sake dubawa.

"Ni ne... ranar da muka kai ɗalibai lambu. Amma wallahi ni kaɗai ne a bencin nan. Ban taɓa ganin matar nan ba."

"Haka suke cewa dukkansu," in ji Gwaggo.

"Yaya, ɗan tashi min," Auta ta ce wa Gyara.

Bai tashi ba, sai ta juyo da allon kwamfutar gaba ɗaya ya fuskanci mutane, ta danna. Ƙwayar ido ta cika allon.

"Baba, zo ka gaya min abin da ke cikin idon nan. Kai ka koya min duba shi."

Ya taso don kada a ce ya ƙi. Ya sunkuya har numfashinsa yana taɓa gilashin. Ya daɗe.

"Lema," ya ce. "Guda biyu."

"A lambu, da rana tsaka?"

Tela ya miƙo wuya.

"Af, wannan ai facina ne. Ni na yi wa lemarka shi bara, da baƙin zare, don farin ya ƙare."

Ta sake dannawa, hoton matar da mahaifiyarta ya fito.

"Kawu..." Gyara ya miƙe yana share gumi. "Don mutuncin gida na yi. Na ga ba ka son sa, shi ne na ce bari in sauƙaƙa maka..."

"Ajiye makullin shagon a kan teburi."

"Yaya, yaro ne fa," in ji Gwaggo. "Kuskure ne."

"Yaro mai shekara talatin. Ku je, ƙanwata. Za mu yi magana, amma ba yau ba."

Suka fita, Gwaggo tana ta faɗan an fifita bare a kan jini, muryarta har bakin titi.

Duk wanda ya zaci Baba zai sauko a nan bai san shi ba. Ya gyara wuyan riga, ya juyo da ƙarfinsa.

"To kun gani da idonku. Wanda ko kyamara bai iya riƙewa ba ya haɗa wannan a shagona. Ina ga masu dukiyar duniya?" Ya nuna Malam. "An wanke ka daga wannan, na kuma ba ka haƙuri. Amma sharaɗina yana nan. Faɗi, muna ji."

Malam ya kalli Auta. Ta kau da kai da gangan. Ba ta so ya karanta amsar a fuskarta.

"Baba," ya ce, "dariyar da na yi kuskure ce, ina neman gafararka a gaban kowa. Ina son 'yarka fiye da yadda zan iya faɗa a nan. Amma an je duniyar wata. Ba zan ce ba a je ba."

"Ka san abin da ka zaɓa?"

"Na sani."

"To ga hanya."

"Ba inda za shi," in ji Auta.

Ta rufe ƙofar shagon, ta saki labulen tagogi, ta ja igiya. Baƙin labule ya sauko ya rufe na jirgin sama. Tun jiya ta bi shi ta maƙala masa 'yan ƙananan fitilun ado, ta rufa musu siririn baƙin yadi don su dushe. Ta kashe wutar shagon, ta kunna su. Suka fito ɗigo-ɗigo cikin duhu.

"Baba, ga taurarinka. Kowa ya gan su?"

"Mun gani," in ji Mai Agogo.

Ta miƙa wa Malam farar rigar ɗakin gwaji ya saka, ta tsayar da shi a gaba, ta cire wa babbar fitila lema, ta haska shi da ita kai tsaye har sai da ya runtse ido.

"Wannan ita ce rana. Baba, kai za ka ɗauka. Ka saita yadda farar rigar ba za ta ƙone ba."

"Ni za ki yi wa jarrabawa a shagona?"

"In taurarin suka fito, ni da kaina zan raka shi bakin titi."

Wannan ya ja shi. Ya tsaya bayan kyamarar. Hannun Auta ya tafi da kansa zuwa gilashin, kamar kullum, da ɗan ƙyallen gogewa. Baba ya riƙe wuyan hannunta.

"Bar ƙurar," ya ce a hankali.

Ta janye. Yatsunsa suka tsuke idon kyamarar, suna ƙirga taku ba tare da ya duba ba, don sun san aikin tun kafin a haife ta. Ya danna.

Hoton ya fito a kwamfuta. Riga fara tas, ba ta ƙone ba. Bayanta baƙi ƙirin.

"Ikon Allah," in ji Tela. "Ga su muna kallo a jikin labule, amma a hoto ko ɗaya babu."

Baba ya zauna kan kujera kamar wanda ya sauke kaya.

"Shekara nawa ina gaya wa amare kada su wahalar da kansu da ƙananan fitilu a baya," ya ce, kamar da kansa yake magana. "In aka haska farin kaya, ba sa fitowa. Na sani. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba."

Ya yafito Auta, ta durƙusa kusa da shi. Ya rage murya.

"Fuskarsa ta fito?"

Ta kalli allon. Fuskar Malam ta narke, ba ido ba hanci.

"Ba ta fito ba, Baba."

"Tun yaushe kike rufa min asiri?"

"Shekara biyu."

Ya gyaɗa kai. Tela da Mai Agogo suka sami abin kallo a ƙasa.

"Kai, Ɗan Wata," in ji Baba. "Matso."

Malam ya matso, har yanzu da farar rigar.

"Wanda ke ce min haka ne safe da yamma ya sa na ci mutuncin mutum a gaban abokaina. Kai kuma ka tsaya za ka rasa wadda kake so, ba ka ce min haka ne ba." Ya ja numfashi. "Taurari na bar muku. Tuta ban bari ba."

"Baba, ai akwai sanda a samanta da ke riƙe..."

"Ban tambaye ka ba tukuna. Kana da abin hawa?"

"Babur ne."

"Ranar Talata ka kai ni asibitin ido. In an wanke min shi zan zauna in bi hotunan mutanenka ɗaya bayan ɗaya. In na kama su, ka shiga uku."

"In ba ka kama su ba fa?"

"Sai in ci gaba da dubawa. Ka gaya wa manyanka su zo. Na ba ka ita, amma ka sani taurin kanta ya ninka nawa."

"Ni ba a tambaye ni ba," in ji Auta.

Duka suka juyo. Ta miƙe ta tsaya gaban Malam, ta harɗe hannu.

"Da ka ga zai kore ka, ka yi tunanin faɗa?"

"Na yi, zuciyata. Har ta zo bakina."

"Me ya hana ka?"

"Ke. Na fi jin tsoronki a kan Baba."

Mai Agogo ya fashe da dariya, Tela ya taya shi, har Baba sai da gefen bakinsa ya motsa.

"To na amince," ta ce.

Daga nan ƙarfin halin da ta kwana uku tana riƙewa ya ƙare mata. Ta koma ta durƙusa, ta kifa fuska a gwiwar mahaifinta tana kuka, na daɗi da na tausayinsa a haɗe. Ya ɗora hannu a kanta yana bubbugawa a hankali, ya sunkuyo dab da kunnenta.

"Ba a je ba dai," ya raɗa mata.

Ta ɗago da jiƙaƙƙiyar fuska, ta riƙe hannunsa gam.

"An je, Baba."